Tasallah a Birnin Tsatsa

A garin Malumfashi, a cikin wannan zamani namu na waya da mota, an yi wata mata ana kiranta Tasallah, wadda sana'arta ita ce ƙera 'yan tsana da abin da mutane suka zubar. Gwangwanin madara, murfin kwalba, sarƙar keke, tsohon silifa, ƙyallayen da tela ya share, duk abin da wani ya gama da shi, in ya shiga hannunta sai ya tashi mutum. Takan yi musu gaɓoɓi da waya, ta ɗaura musu igiyoyi, ta hau kan benci a bayan labule tana ja, su kuwa suna tafiya suna rawa. Ƙanenta Namadi, magidanci mai mata da 'ya'ya, shi ke yi musu murya. Allah ya hore masa maƙogwaro. Yanzu ya yi tsohuwa mai mita, an jima ya yi direban tasha, an jima kuma ya yi akuya mai jin yunwa. Haka suke zagaya makarantu da gidajen suna, har labarinsu ya kai Kaduna, aka gayyace su wani babban baje kolin ayyukan hannu.

Tasallah ta ƙudurta a ranta za ta kai abin da ba a taɓa gani ba. Ta haɗa 'yar tsana mai tsayin mutum, ta yi mata haƙarƙari da ragar tsohuwar fanka, hannuwa da bututun famfo, yatsu da cokula, ta ɗinka mata riga da ledojin ruwa masu ƙyalli kamar ɓawon kifi. Kai ne kawai ya gagara. Duk abin da ta ɗora sai ta ga bai zauna ba.

A jujin da ke bayan tsohuwar kwatar mahauta akwai wani gefe, gindin kututturen rimin da aradu ta ƙone, inda ko 'yan jari-bola ba sa tonawa. Nan Tasallah ta nufa wata rana da hantsi. Ba ta yi nisa da tono ba ta ci karo da wata butar tagulla, mai dogon wuya, babu lotsawa ko ɗaya a jikinta. Da ta ɗaga sai ta ji ta da ɗumi kamar jikin mai rai. Ta kai ta gida, ta sa zarto ta yanka mata baki, ta haɗa haɓa da waya yadda za ta riƙa buɗewa tana rufewa. Tana cikin yankan ta ji wani nishi, ta ɗauka kukan ƙarfe ne. Ta ɗora butar a kan wuya, ta ja da baya ta duba, ta ce, “Yauwa. Ga 'Yar Tagulla.”

Washegari da rana tsaka Namadi ya zo su gwada. Tasallah ta hau benci ta riƙe sandar igiyoyi, shi kuma ya tsaya a gefe ya gyara murya. Ya buɗe baki ke nan zai yi sallama ga jama'a, sai kan 'yar tsanar ya juyo ya dube shi, alhali Tasallah ba ta ja igiyar kai ba. Haɓar ta buɗe. Wani farin abu siriri kamar hayaƙin turare ya fito daga bakin Namadi ya shige bakin butar. Nan take ya zube ƙasa kamar an sare shi. Kafin Tasallah ta sauko, guguwa ta faɗo tsakar gidan, ta kwashi ledoji da ƙura ta yi sama. Da ta lafa, babu Namadi, sai hularsa.

Tasallah ta tsaya, ta kasa haɗa addu'a ɗaya. Sai ta ji muryar ƙanenta, amma daga bakin tagulla take fita.

“Ya ke 'yar Adam, kin yi mini baki, ni kuwa na nemi abin da zan sa a ciki.”

Tasallah ta ce, “Wace ce ke? Ina kika kai Namadi?”

“Ni 'yar Sarki Tsatsa ce, mai mulkin duk abin da aka yar. Wannan buta ɗakina ce. Kin ɗauke ni, shi ya sa ubana ya aiko aka ɗauke ɗan'uwanki. In rana ta faɗi yana birninmu da ke ƙarƙashin juji, gaɓoɓinsa za su ci tsatsa, ya zama ɗan gari. Shawarata gare ki, ki bar shi. Ni ban da niyyar komawa, kuma duk muryar da yake yi ina iyawa.”

Tasallah ta lura da abu ɗaya: kai da baki kawai ke motsi, hannuwa da ƙafafu suna nan a sake, sai an ja igiya. Ta tuna da Ladidi matar Namadi, wadda ke can tana jiran mijinta ya dawo cin abincin rana. Ta naɗe ƙafafun 'yar tsanar, ta goya ta a baya da zane, ta soka filaya a ƙugu, ta yafa mayafi ta fita. Bakin butar yana daidai kunnenta.

Da ta isa gindin rimin, ramin da ta tona jiya ya buɗe ya zama kamar bakin rijiya, wani iska mai warin ƙarfe yana fitowa. Ta yi bisimilla ta zura ƙafa. Ƙasa ta ja ta.

Ta tsinci kanta a wata ƙasa wadda ranarta kore ce kamar gindin kwalba. A gabanta wani kogi ne mai faɗi, amma babu ɗigon ruwa a ciki. Baƙar leda ce ke gudana, tana kumbura tana sacewa kamar mai numfashi. A bakin gaɓa ga wani rabin tankin ruwa a matsayin kwalekwale, a ciki kuma wani tarin tsummoki mai ido ɗaya na fitilar mota. Idon ya haska fuskarta.

“Ya ke mai tafiya da ƙafa biyu, me ya kawo ki bakin Kogin Leda?”

Tasallah ta durƙusa ta ce, “Sannu da aiki, mai fito. Fadar Sarki Tsatsa na nufa.”

“Ba a shiga jirgina sai an yar da wani abu. Kuma ki sani, duk wanda ya buɗe baki a tsakiyar kogin nan, kogin zai shiga cikinsa.”

Ta cire takalmanta ta jefa. Ledojin suka yi caa a kansu kamar kifaye, suka haɗiye. Ta shiga.

Sun kai tsakiya sai ledoji suka fara hawowa ta gefen tankin, suna lasar ƙafafunta, suna bin zanenta har wuya. Wata ta manne mata a fuska, ta yage ta, wata ta maye gurbinta. A nan ne 'Yar Tagulla ta karkata baki, ta jefa murya can cikin kogin, yadda Namadi yakan yi in yana so a ɗauka daga wani wuri ake magana.

“Yaya, ga ni nan. Yaya, ina nutsewa. Ki amsa mini in san inda kike.”

Tasallah ta san ƙarya ce, amma muryar ƙanenta ce, irin wadda yake kiranta da ita tun yana rarrafe. Amsa ta taso mata har maƙogwaro. Ta dantse leɓenta da haƙori har ta ji gishirin jini, ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da tankin ya daki ɗaya gaɓar.

Mai fito ya ce, “Kin haye. Waɗanda suka riga ki suna ƙasa.”

Daga nan sai wani fili wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, shimfiɗe da fasassun kwalabe. Ga ta ba takalmi. A gefen hanya ta hangi wata tsohuwar taya, hannunta ya kai ga filaya, don ta san yadda ake fitar da tafin takalmi daga taya. Sai ta tsaya. Ɗaukar abin da ba nata ba ne ya kawo ta nan. Ta yage mayafinta biyu, ta naɗe ƙafafunta, ta taka.

Kowane ɓallin kwalba akwai ido a ciki, kuma duk inda ta sa ƙafa idanun suna juyowa. Tun ƙyallen yana karewa har ya jiƙe ya yi ja. Can ta ji wani ƙara a bayanta kamar ana jan sarƙa a kan siminti. Ta waiga ta ga karnuka ne na murɗaɗɗiyar waya, ba fata ba nama, suna bin sawun jininta suna lasa.

'Yar Tagulla ta ce, “Ki sauke ni ki yi ta kanki. Da nauyina ba za ki tsira ba.”

Tasallah ta ƙara tamke zanen goyon, ta zuba da gudu a kan kwalaben, tana kiran sunan Allah da kowane taki. Wani kare ya cafki gefen zanenta ya yage, wani ya karce mata agara. Ta faɗi da gwiwa, ta tashi. Ba su rabu da ita ba sai da inuwar wata katanga ta rufe ta. A nan suka yi cirko-cirko, suka juya.

Katangar ta tsofaffin manyan motoci ce da aka jibga wata kan wata har sama. A bakin ƙofa wasu ƙattai biyu ne zaune, jikinsu injin nika ne, baƙin mai yana ɗiga daga haɓarsu. Na dama ya yi magana, ƙasa ta girgiza.

“Wannan shi ne Birnin Tsatsa. Ba mai shiga sai wanda aka yar, ko wanda ya zo yarwa. Wace ce ke a ciki?”

Tasallah ta ce, “Ba a yar da ni ba, ban kuma zo yarwa ba. Na ɗauki abin da ba nawa ba ne, na zo mayarwa.”

Ƙattan suka dubi juna. Na hagu ya ce, “Tun da aka kafa ƙofar nan ba mu taɓa jin wannan amsa ba.” Suka ja ƙofar ta buɗe.

Mutanen birnin ba su da jiki. Kowane yana zaune ne a cikin wani abu da aka zubar: fasasshiyar rediyo, tukunya mai huji, takalmi wari guda, dutsen guga, kan keken ɗinki. Ba sa tafiya, sai mirgina da jan ciki. Da suka hangi 'yar sarkinsu a goye, da hannuwa da yatsu, sai gari ya yi tsit. Daga nan suka biyo Tasallah a baya, suna gangarowa daga lunguna, suna raɗa da wata irin murya kamar ana zuba tsakuwa a kwano: “Mai gaɓoɓi. Mai gaɓoɓi.” Ba ta waiga ba, amma tana jin sanyin ƙarfe yana taɓa diddigenta.

Fadar wata babbar rumfa ce ta ruɓaɓɓen kwano. A tsakiya ga kan jirgin ƙasa irin na dā, tsatsa ta cinye shi ya yi jawur, wuta tana ci a cikinsa. Shi ne Sarki. A bayansa wani tafki ne na narkakkiyar dalma yana tafasa, an gitta masa ƙarfen dogo guda ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. A can ƙarshen ƙarfen Tasallah ta hangi Namadi a rataye, ƙafafunsa suna lilo. Idanunsa a buɗe suke, kuma sun gan ta.

Ta zube ta yi gaisuwa. “Ranka ya daɗe, ga 'yarka na kawo.”

Sarki ya yi magana kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse. “Ya ke 'yar Adam, tsakaninmu da ku akwai alkawari tun kafin a haifi kakanninki. Abin da kuke so naku ne, abin da kuka zubar namu ne. Kun cika mana ƙasa har ta yi mana yawa, ba mu yi ƙorafi ba. Masu tsince-tsince suna kwasar na sama, mun kau da kai. Ke kuwa sai da kika tono har ɗakin 'yata, kika sa mata zarto.”

“Ranka ya daɗe, ban san da kowa a ciki ba.”

“Ba ki ji nishinta ba?”

Tasallah ta sunkuyar da kai. “Na ji.”

Wutar cikin Sarki ta yi sama ta sauko. “Tun da ba ki yi mini ƙarya ba, zan ba ki hanya. Kin ɗaura wa 'yata igiya don ki sa ta rawa a gaban mutane. To ga naki an ɗaura masa. Hau sama ki ja shi ya taka ƙarfen nan ya hayo. In ya iso, jikinsa naki ne. Duk gaɓar da igiyarta ta tsinke kuwa, tamu ce.”

Ta sauke 'Yar Tagulla ta jingine ta, ta kama wani tsani ta hau. A sama akwai wata siririyar gada da ta bi ta kan tafkin. Ta bi ta har inda sandar igiyoyin take rataye. Da ta kama sai ta ga ba igiya ba ce, zaren kaset ne, wanda ko rana ta buga yakan yi laushi. Ta leƙa ƙasa. Namadi ya ɗago ido yana kallonta, hawaye suna bin kumatunsa suna bushewa kafin su kai haɓa.

Ta ce, “Namadi, kar ka yi ƙoƙarin taimakona. Ka saki jikinka gaba ɗaya, ka bar mini.”

Ta ɗaga zaren ƙafar dama, ta ajiye a kan ƙarfen. Ta ɗaga na hagu. Nauyin mutum ba irin na gwangwani ba ne, kowane taki sai ta ji kamar kafaɗunta za su ɓalle. Zafi yana tasowa yana dukan fuskarta, sandar ta yi zafi har tafin hannunta ya fara tashi. Mutanen birnin suka kewaye tafkin, ba mai motsi. Taki bayan taki, har suka kai tsakiya, inda dalmar ke tafasa tana tsalle. Wani ɗigo ya fantsamo ya taɓa zaren hannun hagu. Tasallah tana gani zaren ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya rabu.

Hannun Namadi ya faɗi ya yi lilo, jikinsa duka ya karkata, ƙafa ɗaya ta zame daga kan ƙarfen. Ƙasan wandonsa ya kama hayaƙi. Tasallah ta kwanta rub da ciki a kan gadar mai zafi, ta miƙa sandar can ɗaya gefen har ta kusa sulluɓowa, ta jawo shi ya miƙe. Sauran zaren suka fara miƙewa suna sirancewa. Ta ga in ta ci gaba da taki ɗaya-ɗaya duk za su tsinke. Sai ta tashi ta ruga a kan gadar, tana wurga ƙafafunsa da sauri kamar yadda take sa 'yan tsana gudu in wasa ya kai wurin kora. Ƙafarsa ta taɓa gaɓa ke nan zaren suka tsintsinke gaba ɗaya, ya kife a kan ƙasa.

Ta sauko ta rungume shi. Ƙafafunsa suka motsa, hannun dama ya riƙe ta. Na hagu yana nan kamar tsumma. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito.

Sarki ya ce, “Jiki kika ci. Murya tana bakin 'yata. Ke kika ƙulla bakin, ke za ki kwance.”

Tasallah ta zaro filaya ta nufi 'Yar Tagulla. Kan butar ya juyo.

“Ya ke 'yar Adam, dakata ki ji. Na yi zamani mai tsawo a cikin duhun butar nan. Ina jin mahauta suna ciniki, ina jin mata suna wucewa suna dariya, ina jin yara suna faɗa, ban taɓa cewa uffan ba. Yau kaɗai na yi magana. Ki bar ni da ita. Zan bi ku duk inda za ku, in yi magana a madadinsa, sunanki ya kai inda ba ki zata ba.”

Tasallah ta ce, “Ba tawa ba ce da zan ba ki. 'Ya'yansa suna jiran ya kira sunansu.” Ta kama wayar gefen dama ta fara warwarewa.

Sai muryar ta sauya. Ta zama ta wata dattijuwa mai ɗan kaushi, mai jan ƙarshen magana. Muryar mahaifiyarsu ce da ta rasu, wadda Namadi yakan kwaikwaya in su biyu ne kawai, in kewarta ta dame su.

“Tasallah, 'yar nan, ni za ki rufe wa baki? Ban isa ki bar ni in ƙara ce miki sannu ba?”

Filayar ta faɗi daga hannunta. Ta durƙushe a wurin, ta toshe kunnuwa, amma muryar tana shiga. Tana kiranta da sunan da Inna kaɗai ke kiranta da shi, tana tambayarta ko ta ci abinci. Koren hasken ranar ya fara dusashewa a kan rumfar. Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Namadi ne ya jawo jiki ya iso, ya ɗauki filayar da hannunsa mai rai, ya sa mata a tafi, ya girgiza kai.

Tasallah ta share fuska ta ce, “Inna tana kabarinta, Allah ya jiƙanta. Ke kuma ki yafe mini.” Ta warware wayar dama, ta warware ta hagu.

Kafin haɓar ta rabu, 'Yar Tagulla ta yi magana da wata ƙaramar murya wadda ba ta kowa ba ce. “To ki gaya mini, rigar da kika ɗinka mini ta yi mini kyau?”

“Ta yi miki kyau ƙwarai.”

Haɓar ta faɗo a hannunta. Farin hayaƙin ya fito ya koma bakin Namadi. Ya yi tari mai tsawo, ya ce, “Yaya, ba na jin hannuna.”

Tasallah ta cire butar daga wuyan, ta mayar da haɓar a gurbinta, ta ɗebo dalma da cokali ɗaya daga cikin yatsun, ta liƙe yankan har ya rufe ruf. Ta kai gaban Sarki ta ajiye da hannu biyu. Daga ciki aka ƙwanƙwasa a hankali, aka yi shiru.

Amma mutanen birnin sun riga sun ga abin da hannunta ke iyawa. Suka fara matsowa, tukwane da rediyoyi da takalma, suna hawa kan juna, suna cewa, “Ni ma ki yi mini ƙafa. Ni ma hannu. Ni ma baki.” Wani dutsen guga ya danne mata gefen zane, wata sarƙa ta naɗe mata wuyan hannu tana ja. Namadi ya sa ƙafa yana ture su, wasu suna ƙaruwa, har suka kai musu gwiwa.

Sarki ya daka tsawa, kwanon rumfar ya yi ƙara. “Ya ke 'yar Adam, talakawana sun ga abin da bai kamata su gani ba, kuma ba zan iya riƙe su da daɗewa ba. Ki ci gaba da sana'arki da abin da ke sama, na yarje miki. Amma kar ki ƙara tono, kar kuma ki ƙara yanka baki a jikin abin da ba ki san mai shi ba. Ku riƙe juna.”

Ya buɗe ƙofar wutarsa ya huro wani tururi. Guguwa ta tashi ta sure su, suka ga birnin yana ƙanƙancewa, filin kwalabe ya wuce, kogin ya wuce kamar baƙin zare. Suka faɗo a kan juji, gindin rimi, ana kiran sallar la'asar a masallacin kwata. Ramin ya rufe kamar ba a taɓa tona shi ba.

Wani mai tura kurar kaya ne ya kai su gida, Tasallah ba takalmi ba mayafi, ƙafafu duk jini. Ladidi ta yi ta tambaya, suka gaya mata abin da za ta iya ɗauka. An kai Namadi asibiti, an kai shi wurin masu ɗori, kowa ya duba ya ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Hannun dai bai ƙara motsi ba har yau. Yakan sa shi a aljihun riga in zai fita.

Sun je Kaduna bayan ƙafafunta sun warke, da ƙananan 'yan tsana da ta ƙera sababbi. Jama'a sun taru sun yi dariya sun tafa. Masu kallo da dama sun tambayi dalilin da ya sa babu mai baki a cikinsu, ido ne kawai da hanci. Tasallah takan ce haka ta ga ya fi. Namadi kuwa yana yi musu murya kamar dā, sai dai yakan tsaya nesa da su, kuma bai ƙara yin muryar Inna ba.

Akwai abin da Tasallah take yi wanda ko Namadi bai sani ba. In ta je tsince-tsince jujin bayan kwata, takan tsaya daga nesa da kututturen rimin, ta yi sallama. Sai ta ba da labarin gari da ƙarfi: wanda ya yi aure, wadda ta haihu, yadda wasan jiya ya kaya, abin da akuya ta ce wa direba har mutane suka fashe da dariya. Ba ta taɓa matsawa kusa ba. In ta gama takan yi shiru ta saurara. Daga can ƙarƙashin ƙasa sai a ƙwanƙwasa tagulla a hankali. Sai ta ɗauki buhunta ta tafi da sauri, ba ta waiwaye.